Ɓeran da Ke Cikin Ƙirji: Ma'anar Kalmar Mayokadiyom da Asalinta

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar sakamakon gwajin zuciya, ko ya buɗe littafin ilimin sassan jiki, da wuya bai ci karo da wata doguwar kalma ba wadda ake rubutawa myocardium, a furta ta mayokadiyom. In ka tambayi likita zai ce maka tsokar zuciya ce, kuma gaskiya ya faɗa. Amma da za ka samu mutumin Girka na shekara dubu biyu da suka wuce ka furta masa gaɓar farko ta wannan kalma, ba mamaki ya leƙa ƙarƙashin kujera ya ga ko ɓera ne ya gilma. Da kuma za ka haɗa masa kalmar gaba ɗaya, to ba zai ce ya taɓa jin ta ba. In ma aka yi rashin sa'a babban likitan zamaninsu ka tarar, musu zai yi da kai, domin a wurinsa zuciya ba tsoka ba ce sam.

Kalmar tubala biyu ce da ɗan jela. Tubalin farko shi ne mys, na biyu kardia, jelar kuma ita ce -ium. Bari mu fara da na biyun, tunda shi ya fi sauƙi.

Kardia a Girkanci zuciya ce. Tsohuwar kalma ce ƙwarai, kuma tana da dangi a harsuna da yawa, saboda Girkanci da Latin da Jamusanci da Ingilishi da Rashanci duk kakansu ɗaya. Masana harshe sun gano cewa saiwar kalmar a wancan tsohon harshe tana kama da kerd. Daga nan Latin ya samu cor, Faransanci ya gaji coeur, Rashanci yake cewa serdtse. Jamusanci da Ingilishi kuwa suka ce Herz da heart, kuma wannan ba ɓatan kai ba ne: a reshen harsunan Jamusawa sautin k na farkon kalma ya rikiɗe ya koma h, doka ce da masanin harshe Jacob Grimm ya tsara bayaninta a 1822. Wato likitan da ya ce wa majinyaci heart da safe, ya rubuta cardiac a takarda da rana, kalma ɗaya ya maimaita, sai dai ɗaya ta biyo ta gida, ɗaya ta zagayo ta Girka.

Akwai wani ɗan ruɗani a nan da ya kamata a sani. Girkawa ba gudan naman da ke bugawa a ƙirji kaɗai suke kira kardia ba, har da bakin tumbi na sama, inda abinci ke faɗawa bayan ya gangaro daga maƙogwaro. Wurare biyun maƙwabta ne, kuma zafin ɗaya yakan yi kama da na ɗayan. Har yau likitoci na kiran wannan sashe na tumbi kadiya, kuma tsohon sunan ƙwannafi a littattafansu shi ne kadiyaljiya, wato zafin kardia, alhali zuciya ba ta san ana yi ba. Bahaushe ba zai yi wa Girkawa dariya a kan wannan ba, tunda shi ma farin cikinsa da baƙin cikinsa a ciki ya ajiye su, fushinsa kuma ya kai shi zuciya, har ya ce wane ya yi zuciya.

To sai mys, inda ɓeran yake. A Girkanci wannan kalma ɗaya tana nufin ɓera, tana kuma nufin tsoka. Ba Girkawa kaɗai suka ga wannan kamanni ba: a Latin ɓera mus ne, tsoka kuma musculus, ma'ana ɗan ƙaramin ɓera, kuma daga nan Turancin Ingilishi ya samo kalmarsa ta tsoka. Bayani biyu ake bayarwa. Wasu sun ce dubi ƙwanjin mutum idan ya lanƙwasa hannu ya miƙe, wani dunƙule ne ke gudu sama da ƙasa a ƙarƙashin fata kamar ɓera a cikin buhu. Wasu kuma sun ce siffar ce: tsokar da aka feɗe tana da kai, da ciki mai kauri, da siririyar jijiya a ƙarshe kamar wutsiya. Ni dai na farkon ya fi kwanta mini, don kowa yana da ƙwanji amma ba kowa ke fiɗa ba, kuma irin waɗannan sunaye a bakin talakawa ake haifar su kafin malamai su ɗauka. Idan za a haɗa mys da wata kalma sai ta koma myo-, shi ya sa ake ganin ta a sunayen abubuwa da yawa masu alaƙa da tsoka. Sai dai a yi hattara, ba kowace kalma mai farawa da waɗannan haruffa ce 'yar gidan ba. Mayofiya, wato rashin hangen nesa, daga myein ta fito, ma'ana runtse ido. Myelos kuma ɓargo ne. Kama da wane ba ta wane.

Jelar nan ta -ium rigar Latin ce aka sa wa kalmar. Girkawa da -ion suke ƙarasa irin waɗannan sunaye, amma malaman Turai sun shafe ƙarnuka suna rubuta ilimin likitanci da Latin, don haka duk kalmar da ta shigo sai an yi mata ɗinki irin nasu. A nan ne kuma asirin yake: itacen na Girka ne, amma ba Girkawan da ne suka sassaƙa kalmar ba. A ƙarni na 19 likitocin Turai suka haɗa ta, lokacin da suka dukufa wajen feɗe gawarwakin marasa lafiya don su ga ainihin wurin da cuta ta zauna, suka ga lallai sai kowane shimfiɗi na bangon zuciya ya samu sunansa. Jean-Baptiste Bouillaud, wani likitan Faransa, shi ya raɗa wa tantanin cikin zuciya da kumburinsa suna a 1835, sannan a 1837 wani likitan Jamus mai suna Sobernheim ya yi amfani da kalmar mayokadaitis ga kumburin naman zuciyar kansa. Sun zaɓi Girkanci ne don Bafaranshe da Bajamushe da Ba'ingile su karanta abu ɗaya su fahimci abu ɗaya, kuma don harshen yana da sauƙin ɗaura kalma a kan kalma.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, wannan suna hukunci ne a kan wata shari'a da ta daɗe a gaban alƙalai. Cewa mayokadiyom daidai yake da cewa zuciya tsoka ce, kuma an kwashe fiye da shekara dubu ɗaya da ɗari biyar ana jayayya a kan haka.

Cikin tarin rubuce-rubucen da ake jinginawa ga Hippocrates, tsohon likitan Girka, akwai wata gajeriyar maƙala a kan zuciya, wadda masana suka yarda ba shi ya rubuta ta ba, wani ne daga baya. Marubucin ya faɗa ƙarara cewa zuciya tsoka ce mai tsananin ƙarfi. Har ma ya kwatanta santsin jakar da ke lulluɓe da ita da ɗan ruwan da ke ciki, ya ce yana kama da fitsari. Da an bi shi da an huta. Amma sai ga Galen, wanda Larabawa ke kira Jalinus, haifaffen birnin Pergamon a shekara ta 129 Miladiyya. Ya fara aiki ne a matsayin likitan mayaƙan da ake haɗawa a filin wasa su sassari juna, inda ya ga cikin jikin mutum ta bakin raunuka, daga baya ya zama likitan sarkin Rum Marcus Aurelius. Ba a yarda a feɗe gawar mutum ba a zamaninsa, sai ya koma kan aladu da shanu da birai. In ana maganar feɗe biri har wutsiya, to shi ba da baki ya yi ba, da wuƙa ya yi.

Galen ya ce zuciya ba tsoka ba ce, kuma hujjojinsa ba na yarwa ba ne. A wurinsa tsoka ita ce abin da mutum ke motsawa da niyyarsa: ka so ɗaga hannu ka ɗaga, ka so ajiyewa ka ajiye. Wa ya taɓa cewa zuciyarsa ta dakata ta kuma saurare shi? Ya lura cewa in aka cire zuciyar dabba daga jiki takan ci gaba da bugawa na ɗan lokaci, ba tare da wata jijiya da ke kawo mata umarni daga ƙwaƙwalwa ba. Ya kuma ga namanta ya fi na sauran jiki tauri, zarenta bai miƙe ta fuska ɗaya ba, ya sarƙe ta ko'ina. Duk abin da idonsa ya gani daidai ne. Matsalar a ma'auninsa take: ya yanka wa kalmar tsoka riga ƙarama, da zuciya ta ƙi shiga sai ya ce ita ce ba ta dace ba.

Wannan ra'ayi ya haifi wani. Tunda zuciya ba tsoka ba ce, Galen ya ɗauka babban aikinta shi ne buɗewa ta zuƙo jini da iska kamar zugazugin maƙeri, ba matsewa ta tura ba. Kalmomin nan biyu da har gobe ake amfani da su wajen awon hawan jini, sistol da dayastol, na Girkawa ne: systole matsewa, diastole buɗewa. Ya kuma ce akwai wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani a bangon da ya raba zuciyar dama da ta hagu, ta nan jini ke tsallakawa. Ibn al-Nafis, malamin da ya taso a Dimashƙu ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288, shi ya fara cewa babu wata ƙofa a wannan bango, jini ta huhu yake zagayawa kafin ya isa ɓangaren hagu. Ya ƙara da cewa zuciya ba daga jinin da ke cikin ɗakunanta take samun abincinta ba, daga jijiyoyin da suka ratsa namanta ne. A riƙe wannan magana ta biyu, za mu dawo kanta.

William Harvey na Ingila, a littafinsa da aka buga a Frankfurt a 1628, ya juya lissafin Galen. Ya kalli zuciyar dabbobi masu sanyin jini da ta waɗanda ke gab da mutuwa, inda bugun ya yi sanyi har ido zai iya bi, ya ga cewa lokacin da zuciya ta ƙanƙance ta yi tauri a nan ne take aiki, kamar yadda ƙwanji ke yi. Sai Niels Stensen, ɗan ƙasar Denmak, ya bi zaren naman ɗaya bayan ɗaya, ya bayyana a 1664 cewa babu abin da ke cikin zuciya wanda babu shi a sauran tsokoki. Richard Lower ya biyo baya a 1669 da bayanin yadda zaren ya nannaɗe zuciya a karkace, abin da ke sa ta murɗa idan ta matse, kamar mai wanki na matse zane. Shi Stensen daga baya ya bar fiɗa ya shiga nazarin duwatsu, daga nan ya zama bishop, amma wannan wani labarin ne.

To an yanke hukunci Galen ya faɗi ke nan? Ba gaba ɗaya ba. Da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa ya inganta, sai aka ga tsoka iri uku ce a jikin mutum. Akwai wadda ke manne da ƙashi, mai ratsi-ratsi, mai bin umarnin mai ita. Akwai mai santsi da ke bangon hanji da jijiyoyin jini, wadda ba ruwanta da niyya. Sai ta ukun, wadda ba ta da gida ko'ina sai zuciya: tana da ratsi kamar ta farko, amma ba ta jin umarni kamar ta biyu. Wato an karɓi zuciya cikin dangin tsoka, amma sai da aka gina mata ɗakinta daban, kuma dalilan gina ɗakin su ne dai waɗanda Galen ya lissafa.

Ƙwayoyin halittar wannan nama ana kiran su kadiyomayosait: ga kardia, ga mys, sai kytos, wato mazubi ko ƙoƙo, kalmar da masana suka ara ta zama sunan ƙwayar halitta. Gajeru ne, suna da rassa, kuma kowace ta kama maƙwabciyarta ta wata mahaɗa mai ƙananan ƙofofi da saƙon lantarki ke wucewa. Saboda haka idan ɗaya ta motsa, sauran ma sai su bi, miliyoyin ƙwayoyi su matse kamar jiki ɗaya. Saƙon kuwa a cikin zuciyar ake ƙirƙirar sa. Wani ɗan gungu ne na ƙwayoyi a saman ɗakin dama na sama (ɗakunan zuciya huɗu ne, biyu a sama, biyu a ƙasa) yake kunna shi, wanda Arthur Keith da Martin Flack suka gano a 1907, shekara guda bayan Sunao Tawara na Japan ya bayyana gungu na biyu da ke ɗan riƙe saƙon kafin ya sake shi zuwa ƙasa. Wannan ita ce amsar abin da ya ɗaure wa Galen kai. Ƙwaƙwalwa na iya cewa a ƙara sauri ko a rage, amma ba ita ke buga gangar ba.

Akwai wata kariya kuma da aka yi wa wannan tsoka. Tsokar ƙafa tana iya ɗaurewa ta ƙi saki, kowa ya san azabar. Ta zuciya ba ta yin haka, domin bayan kowace matsewa akwai ɗan lokaci, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, da ba ta amsa wani sabon kira. Dole ta saki ta cika da jini kafin ta sake matsewa. A haka take bugawa kusan sau 100,000 a yini, kowane bugu ta tura kimanin mililita 70, abin da ya kai wajen lita 5 a minti ɗaya ga babban mutum da ke zaune yana hutawa. Duk wannan aikin gudan nama ne da nauyinsa bai cika wuce giram 250 zuwa 350 ba. Kaurinsa ma ba ɗaya ba ne ko'ina. Bangon ɗakin hagu na ƙasa, mai tura jini zuwa duk jiki, ya kai kusan santimita ɗaya, wajen ninki uku na ɗakin dama wanda huhu kawai yake aika wa. Kowa da gwargwadon kayansa.

Maƙwabtan mayokadiyom ba sa buƙatar dogon bayani, tunda an riga an san kardia. Endon na nufin ciki, don haka endokadiyom shi ne siririn tantanin da ya shafe cikin ɗakunan zuciya da ƙyamarenta. Epi na nufin bisa, efikadiyom shi ne wanda ya kwanta a bayanta. Peri na nufin kewaye, ferikadiyom ita ce jakar da zuciya ke zaune a ciki, mai ɗan ruwa mililita 15 zuwa 50 da ke hana gogayya, ruwan nan da tsohon marubucin Girka ya gani. Cikin waɗannan sunaye, na jakar ne ke da tsohon tarihi tun zamanin Girkawa, sauran ƙannensa ne da aka yi wa ɗinki a kan samfurinsa.

Mu koma ga maganar Ibn al-Nafis. Abin mamaki ne a ce nama yana iyo cikin jini dare da rana amma ba ya iya sha daga gare shi, sai ta wasu jijiyoyi biyu da suka fito daga gindin babbar jijiyar awota suka kewaye zuciya kamar rawani. Su ne ake kira koronari, daga corona ta Latin, ma'ana kambi. Tsokar zuciya mayunwaciya ce: ko mutum na kwance tana kwashe kusan kashi 70 cikin 100 na iskar oksijin da ke cikin jinin da ya zo mata, ba ta bar wani abin ajiya ba. In aiki ya ƙaru, ba ta da dabara sai a ƙaro mata jini. In hanya ta ƙuntata, ana kiran halin iskimiya, daga ischein, tsarewa, da haima, jini. In ta toshe gaba ɗaya, bayan minti 20 zuwa 30 ƙwayoyin da ke gaban toshewar sukan fara mutuwa, kuma ɓarnar na ƙara faɗi da kowace sa'a. Wannan shi ne abin da likitoci ke rubutawa da kalma biyu, ta farko daga mayokadiyom, ta biyu infakshon, daga infarcire ta Latin, wato cusawa ko cunkusawa. A Hausa mukan ce bugun zuciya ya kama wane, da kalmar da muke kiran lafiyayyen motsinta, sai yanayin magana ne ke rarrabewa. Sunan likitocin duk da tsawonsa ya fi faɗin abin da ya faru: hanya ta toshe, wani yanki na tsoka ya mutu.

Kuma wanda ya mutu ba ya dawowa yadda yake. Fata takan warke, hanta takan sake tsirowa, amma ƙwayoyin tsokar zuciya ƙalilan ne ke sabuntuwa. Wani bincike da aka yi a cibiyar Karolinska ta Suwidin, aka wallafa a 2009, ya nuna kusan kashi 1 cikin 100 ne ke sabuntuwa a shekara ga mai shekara 25, ya ragu zuwa ƙasa da rabin haka ga mai shekara 75. Inda nama ya mutu tabo ne ke maye gurbinsa, tabo kuwa ba ya matsewa. Shi ya sa likitoci ke gaggawar buɗe jijiyar da ta toshe, shi ya sa kuma suke auna wani sinadari mai suna tiroponin a cikin jini, domin wurin zamansa cikin ƙwayar tsoka ne, in an gan shi da yawa a waje to ƙwayar ta fashe.

Sauran sunayen cututtukan ma da waɗannan tubala aka gina su. Mayokadaitis kumburin tsokar ne, sau da yawa ƙwayar cutar bairos ke jawo shi, a Kudancin Amurka kuma akwai cutar Chagas, wadda Carlos Chagas na Barazil ya bayyana a 1909. Jelar -itis a asali ba kumburi take nufi ba, cewa kawai take yi cutar kaza ce ta sashe kaza, likitocin baya ne suka keɓe ta ga kumburi. Kadiyomayofati kuwa an juya tubalan ne, kardia ta shiga gaba, mys ta biyo, aka ƙara pathos, wahala ko ciwo: cutar da ta samo asali daga tsokar kanta, ta sa ta saki ta yi faɗi, ko ta yi kaurin da ya wuce ƙima, ko ta sandare.

Ko gwajin da ake liƙa wa mutum wayoyi a ƙirji, lantarkin wannan tsoka yake zanawa a takarda. Willem Einthoven na ƙasar Holan ne ya ƙera na'urar da ta sa hakan ya yiwu a farkon ƙarni na 20, ya samu kyautar Nobel a 1924. Wasu asibitoci na rubuta sunan gwajin ECG, wasu EKG, har majinyaci ya zaci gwaji biyu aka yi masa. Gwaji ɗaya ne. Masu C sun bi rubutun Latin, masu K sun bi Jamusawa, waɗanda suka bar wa kardia harafinta na Girka.